Gwangwanin da Umma ta yi kyauta da shi

Shekarun baya, lokacin da mahaifina ya yi ritaya, gidanmu na Nassarawa ya yi tsit. Da can tun da safe motoci ne har bakin titi, masu gaisuwa da masu neman alfarma. Yana ajiye aiki aka neme su aka rasa. Sai ya wuni a falo da rediyo a cinya, ko kunna ta ba ya yi. Abin ya dame ni ƙwarai, don mutum ne mai son hira, ga shi ina kallo yana ramewa.

Sai yayata da ke aure a ƙasar waje ta aiko masa da wani wasa. Hoto ne babba aka yayyanka gutsi-gutsi har guda dubu, kai kuma ka zauna ka mayar da shi yadda yake. Cikin wani gwangwani mai kyau ya zo, hoton da za a bi yana jikin murfin. Ni sarkin iyawa na ce a bari sai bayan Sallah, na duba a waya na ga yadda ake farawa: a fara tsince na gefe, sauran a kasa su launi-launi.

Ranar da muka shirya na goge teburin cin abinci, wanda dama ado ne, a ƙasa muke ci. Na je ɗauko kaya, sai na tarar da gutsattsarin a tiren tsintar shinkafa, an rufe da faifai.

"Umma, ina gwangwanin?"

"Mai hoton jiragen ruwa? Cincin da dubulan na zuba na aika wa maƙwabta, na ce har gwangwanin na bar musu. Abu mai kyau haka a bar shi da tarkacen kwali?"

Mahaifina ya dube ta ya ce, "Hajiya, kin ba da taswira kin bar mu da tafiya."

Muka gwada a haka. Gefen ya haɗu da ƙyar, amma ciki shuɗi ne ko'ina. Na dage sama ce, na yi ta cusa su a can, ashe teku nake ɗorawa a kan gajimare. Da na ga ya fara tura tiren gefe yana laluben rediyonsa, na ce a aika a karɓo murfin kawai. Mahaifiyata ta ce ba da ita ba, ba za a ce ta yi kyauta ta biyo sawu ba.

Maƙwabcin namu dattijo ne, Kirista ɗan Zariya, tsohon shugaban makaranta. Shekara da shekaru katanga ɗaya muke, amma kun san zaman unguwarmu, gaisuwar ba ta wuce ɗaga hannu daga cikin mota. Bayan la'asar mahaifina ya sa hularsa ya ce in biyo shi. "Ba karɓa za mu yi ba," in ji shi, "kallo za mu yi."

Mun same shi shi kaɗai a baranda. Bayan doguwar gaisuwa mahaifina ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo mu. Dattijon ya yi dariya har da share hawaye, ya shiga ya ɗauko gwangwanin, har an mayar da shi na ajiye magunguna. Na zaro waya zan ɗauki hoton murfin, sai ya dafe shi da tafin hannu.

"Bar shi, 'yata. Hoton waya ƙarami ne, idon Alhaji zai wahala. Gobe zan kawo shi da kaina."

Har na buɗe baki zan ce ai ana iya ƙara girmansa, mahaifina ya taka min ƙafa.

Washegari ya zo da gwangwaninsa a hammata. Da aka kira magariba ya ɗauki abinsa ya tafi, wai kyauta ce, ba a mayarwa. Haka suka yi ta yi wata da watanni, suna musu a kan kowane guntu, ɗaya yana cewa jirgi ne ɗaya yana cewa inuwarsa ce. Ni da na zo koyarwa aka mayar da ni mai kawo shayi.

Ranar da suka sa na ƙarshe, ban ga murna a fuskar mahaifina ba. Da baƙon ya tafi ya ce min a hankali, "To shi ke nan, yanzu da wane dalili zai zo?"

Washegari bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ne, hannu rabbana. Ya ja kujerarsa ya zauna ya ce, "Alhaji, ina muka tsaya a hirar jiya?"

Har yau idan na tuna sai in ji kunyar wayar nan da na zaro. Ni sauƙi nake nema, su kuwa dalilin ganin juna suke nema, kuma saura ƙiris in hana su.