Fitsarin Flip a Gindin Shinge

Fien Jeurissen, maƙwabciyata, a gonar asfarje ta tsufa, wato kayan lambu mai fararen sanduna da ke girma a cikin ƙasa, kamar kowa a ƙauyenmu na Limbag. Da safe, raɓa ba ta gama sauka ba, sai ka hango ta duƙe tsakanin kunyoyin yashi ita da mijinta Lei, suna tono fararen sandunan nan kafin rana ta taɓa su. Daga nesa kamar a mafarki, kai ka ce kyandir suke tsinta a ƙasa. Ana tsakiyar tonon bara ciwon ƙoda ya kwantar da Lei, sanyi na shigowa ya cika. Fien ta rataye wuƙarta, ta ce ita da cin asfarje har abada. Gida ya rage daga ita sai tsohon karensu, Flip.

Bana, an fara tono ke nan, ta ƙwala mini kira ta kan shinge.

"Leentje, zo ki shinshina nan."

"Ke Fien, da girmana za ki sa ni shinshinar fitsarin kare? Allah ya sawwaƙe!"

Na dai duƙa. Wai! Wari kamar kabejin da aka manta a tukunya. Na ɗago zan yi mata tsiya, sai ta riga ni magana.

"Haka na Lei ya yi kafin ya kwanta," in ji ta. "A hannuna ya narke. Wallahi ba zan sake kallon irin wannan ba, gara a yi wa Flip allura ya yi barcinsa."

Na ja ta muka kai shi wurin likitar dabbobi. Ta auna jini da fitsari, ta ce ƙoda lafiya lau, mafitsara ba ciwo, ba suga. Ta ce wani lokaci rashin shan ruwa ne ke kawo wari, wani lokaci abinci. Me yake ci? Fien ta ce abin da ya saba ci. Muna fitowa ta taɓe baki: "Lei ma haka suka ce da fari." Ranar ta fara haƙa rami a gindin tuffa, ta ce in warin bai tafi ba za ta nemi likitan da zai yarda.

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Wata safiya na ga Flip ya sulale ta ƙarƙashin shinge, na zura takalmi na bi shi. Tafiya yake a hankali cikin farin tururin ƙasa, yana ɓacewa yana bayyana, har tsohuwar gonarsu wadda Sjeng yake nomawa yanzu. Ya zauna a bakin wata kunya. Sai ga Sjeng, tuzurun nan mai kunnen ƙashi, ya buɗe kwano yana jefa masa guntayen dafaffen asfarje, sharkaf da man shanu.

"Kai Sjeng, tsohon banza! Ka kusa kashe kare da alherinka!"

"Yo ni na kira shi? Lei ne ya saba masa a ɓoye. Kullum nan yake zuwa ya zauna yana kallon hanya. In bar shi da yunwa?"

Kunya ta kama ni. Duk garin nan, daga limamin coci har mai gidan burodi, ba wanda fitsarinsa ba ya wannan warin a bazara saboda cin asfarje. Shi ya sa ba wanda ya taɓa jin na kare.

Na iske Fien da shebur a hannu, na zayyana mata. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta koma kuka.

"Leentje, ashe ba warin ciwonsa ba ne. Haka gidanmu yake duk bazara, lokacin yana da ƙarfinsa, yana shigo mini da yashi a takalmi ina zazzaga masa masifa."

Ta share ido da bayan hannu, ta jawo Flip jikinta.

"Ki ce wa Sjeng kada ya daina ba shi."