Kakata Ba Ta Bari A Ce Duniya Ta Tashi

Jiya ƙanena ya kira ni daga Garhanga. "Yaya, ruwan kori ya cinye sauran gonar. Duniya ta tashi." Sai na tuna da kakarmu, wadda ba ta yarda a faɗi wannan magana a gabanta.

Wata damina, ina sabuwar amarya, ruwa ya ɓalle jerin duwatsun da muka yi rani guda muna ɗorawa don tare ƙasa. Muka tsaya a bakin kori, kwazazzabon da ruwan yake bi, jar laka har idon sawu, hatsin da ya fara ciki yana wucewa da saiwarsa a sama. Na ɗora hannu a ka na ce duniya ta tashi.

Kaka ta kama hannuna da tafinta mai kaushi ta sauke shi. "Ɗiyata, tashin duniya rana guda ce. Ran nan duwatsu za su watse kamar kaɗa a bakan shiɓa, uwa ta manta da goyonta, kuma ba ta da washegari. Ke kin ga safiya. Ɗauki dutse."

Na ɗauka, muka sake jerawa.

Jiya na so in gaya wa ƙanena haka, bakina ya ƙi. Ina Madawa da ciwon gwiwa, samarin gidanmu duk sun tafi biɗar kuɗi, kuma babu ƙasar da ta rage da za a tare.

Allah Ya jiƙan ki, Kaka. Ya sa ki tashi lafiya a ranar da kika hana mu kira da wasa.