Gyaran da Na Yi a Ɓoye

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kankare baƙin inji a garejin gwamnati na Damagaram, kuma har yau in na tuna abin yana ci mini rai. Wahala dai kowa ya sha ta a wancan zamani, ba ita ce ke ci mini rai ba. Abin da ke ci mini rai shi ne da hannuna na cuci kaina, ina yi ina ganin ladabi nake yi.

Gidanmu gidan maƙera ne a unguwar Zango. Ina da mata da 'ya'ya biyu na bar maƙera na shiga gareji. Shugaban wurin Bafaranshe ne, muna ce masa Shef, gajere mai jan wuya. In faɗi gaskiya ba mugu ba ne. Bai taɓa marin kowa ba, wannan kuwa abin a faɗa ne a cikin nasarun lokacin.

In kamiyo, wato babbar motar kaya, ya fara tari yana jan jiki a hawa, sai a turo mana shi. Mu sauke kan injin, mu tarar baƙin hayaƙi ya daskare a kan fisto kamar ƙanzo a gindin tukunya. Da guntun tagulla nake kankarewa, wanda na ƙera da kaina, don baƙin ƙarfe yana yi wa fisto rauni. In wanke buji, wato filogin da ke ba inji wuta, da isansi, wato fetur, in hure 'yan ƙofofin karbirato da bakina har harshena ya mutu. Bututun hayaƙi kuwa cire shi nake in ɗora a kan gawayi ya gasu, sannan in bi shi da bugun itace, baƙin ya zubo. Duk wannan ƙazanta tamu ce, mu baƙaƙe. Abu ɗaya ne aka hana mu taɓawa, daidaitawar ƙarshe.

Sai mun gama ɗaure komai Shef zai fito daga biro, wato ofishinsa, da littafinsa da turnabis, sukurdireba mai ƙotar katako. Akwai wani ɗan bis, ƙusa mai zare da ake juyawa, a jikin karbirato, shi ke raba wa inji isansi da iska. Shi zai juya, ya taɓa wurin da ke ba buji wuta, ya duba littafi, ya gyaɗa kai, ya koma inuwa. Littafin kuwa a ƙasarsu aka rubuta shi, ƙasar sanyi. Iskarmu mai zafi ce, isansinmu ma a duro yake zuwa daga Kano, ya yi kwanaki a rana. Saboda haka in ya daidaita inji, sai injin ya riƙa shan mai fiye da ƙima, yana aman baƙin hayaƙi. Kafin wata ya zagayo ya sake toshewa.

Tun a shekarata ta biyu na gane haka. Ba wani malanta ba ne. Maƙeri ya san wutar da iska ta yi wa kaɗan. In na kara tafin hannu a bakin bututu na shinshina, na san abin da ke damun injin.

To me ya hana ni faɗa masa? Tarbiyyar gidanmu ce. Na sha ganin yayan mahaifina ya ɓata ƙirar gatari don idonsa ya yi rauni. Mahaifina yakan jira. Sai tsohon ya tafi masallaci sannan mahaifina ya mayar da gatarin wuta ya gyara, ya ajiye shi inda ya same shi. Mai gatari ya zo ya yi wa tsohon godiya, mahaifina na gefe yana zuga. Haka aka koya mana, ba a gyara wa babba a gabansa, a bayansa ake gyarawa a rufa masa asiri. Ni da wautata sai na ɗauko al'adar maƙera na kai wa Bafaranshe.

Duk motar da aka gyara sai an fita gwaji da ita. Ni ke rakiya, direban kuwa wani dattijo ne Babarbare daga unguwar Birni, mai bakin tsiya. Mu kama hanyar Mirriya, da mun ɓace a bayan duwatsu ya taka birki. In buɗe inji in mayar da bis ɗin nan ɗan kaɗan, in saurara, in ƙara, har sai hayaƙin ya washe kuma injin ya bar rawar jiki. Aikin bai kai tsawon cin goro ɗaya ba.

Direban yakan zauna a inuwar motar yana kallona. “Ƙanena,” ya ce mini wata rana, “kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kai har yaushe za ka zama kura?”

Na ce, “Yaya, don Allah a bar maganar nan a bayan duwatsu.”

Ya bar ta. Da ma ya ƙi ji na.

Motocinmu suka yi suna. Lokacin kakar gyaɗa motocin wasu wurare suna mutuwa a hanya, namu suna kai kaya suna dawowa. Kumandan, nasaran da ke mulkin garin, da kansa ya zo gareji ya riƙe hannun Shef yana jijjigawa. Ranar Shef ya raba mana sukari. Na kai gida ina ta fara'a, wai ni mai sirri.

Da aka zo samun 'yancin kai, aka ce Shef zai koma ƙasarsu, ɗan ƙasa za a ɗora a kan gareji. Abokan aiki suka fara kirana Shef da wasa. Ba su san abin da nake yi a bayan duwatsu ba, sun dai san na fi kowa daɗewa da ƙarfe. Ni ma na sa rai, ba zan yi ƙarya ba. Har na ɗinka sabuwar riga.

Kafin ya tafi ya rubuta wa kowannenmu takardar shaida. Da hannu biyu ya miƙo mini tawa, idonsa ya kawo ruwa. Ban iya karatun nasara ba, sai na kai wa magatakardan gareji ya karanta mini. Takardar ta ce ni mutum ne mai ƙwazo da biyayya, kuma ba a taɓa samun mai tsabtace inji kamata ba. A ƙarshe ta ce ban taɓa daidaita inji ba, bai kamata a bar mini wannan aiki ba. Na ce ya sake karanta wurin. Ya sake. Shef bai yi mini sharri ba, abin da ya gani ya rubuta. Wannan ya fi sharri ciwo.

Kunya ta hana ni komawa wurinsa har ya tafi. Bayan tafiyarsa na ja direban muka je gun sabon babban da ke raba muƙamai, ɗan Damagaram ne ɗan'uwanmu. Na kwance masa komai. Ya saurare ni yana wasa da alƙalami.

“Malam,” ya ce, “shekara da shekaru motoci suna tafiya lafiya a hannun Shef. Yau ya juya baya ka ce kai ne? Me ya hana ka faɗa yana nan?”

Direban ya rantse da Allah da idonsa ya gani.

“Baba, kai ai abokinsa ne,” in ji shi.

Aka kawo wani mai takardar lakwal, wato makarantar boko, daga yamma aka ba shi gareji, da littafin da turnabis ɗin. Shi ma yadda littafi ya ce haka yake juya bis. Zuciya ta ɗebe ni, na ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Daga ranar in mun fita gwaji ba na cewa a tsaya. Na naɗe hannu ina jira a gane, a zo a neme ni.

Kaka ta zo. Kamiyonmu suka dinga tari da baƙin hayaƙi, wani ya mutu da lodin gyaɗa a hanyar Garagumsa ya kwana biyu a can. Na yi ta jira, babu wanda ya zo.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tsaya sayen goro. Kusa da ni akwai wani tsohon baduku, aminin mahaifina. Sai ga ɗaya daga cikin motocinmu ta wuce tana turnuƙe titi da hayaƙi, mutane suna toshe hanci. Tsohon ya bi ta da kallo yana girgiza kai.

“Ka gani ko? Nasara ya tafi da hannunsa. Mu dai tutar kawai muka karɓa.” Ya juyo ya dube ni da tausayi. “Amma kai ɗana, duk shekarun nan da ka yi a gindinsa, ko kaɗan ba ka koya ba?”

Jama'a suna ji.

Na ce, “Ban koya ba, baba.”