Ranar da Aka Kafa Hujja da Ni

Aikina shi ne nazarin yadda ƙwaƙwalwa take riƙe abu da yadda take mance shi. Ni ba likita ba ne, ko allura ban iya ba. Ɗalibai nake zaunarwa gaban kwamfuta, in nuna musu kalmomi, in ga waɗanda za su tuna, in rubuta maƙala. Maƙalun nan kuwa sun yi farin jini, masana a ƙasashen da ban taɓa takawa ba suna kawo sunana cikin nasu rubutun. Da na yi wa Baba bayani sai ya ce, "Wato da kai ake kafa hujja, kamar malaman fiƙihu." Kaina ya fasu, na ce haka ne. Kafin ka ce kwabo magana ta zaga garinmu Kara, har ta leƙa kasuwar Gwarzo.

Baffana, yayan Baba, shi ne limamin unguwarmu tun ba a haife ni ba. Tsufa ya fara kama shi, yakan ƙara raka'a, ko ya gama Fatiha ya tsaya laluben sura. Jama'a suka rabu. Wasu suka ce a sauke shi, wasu suka ce haba, ai in an yi masa subhanallahi yana gyarawa.

Da na je gida hutun salla, aka kira ni zauren dagaci. Na tarar da dattawa, ga Baffa a gefe yana jan carbi. Bayan gaisuwa dagaci ya ce, "Dakta, ga ka ga baffanka. Tunda duniya ta yarda da maganarka, me ka gani?"

Kamata ya yi in ce ba fannina ba ne, a kai shi asibiti. Ina! Na gyara zama, har da ɗan jefa Turanci, na ce, "Ranka ya daɗe, wannan matsalar ƙwaƙwalwa ce."

Wani dattijo ya ja salati.

A wurin aikinmu kalmar nan ba ta fi a ce ciwon gwiwa ba. Amma ni fa haifaffen Kara ne, na sani sarai in aka ce mutum yana da matsalar ƙwaƙwalwa a garinmu, taɓuwa ake nufi. Na shiga kame-kame, ina cewa mantuwa nake nufi, amma magana zarar bunu ce. Dagaci ya ce wanda hankalinsa ya gushe ba a binsa salla, aka shafa Fatiha aka tashi.

Wallahi kunya ta hana ni zuwa gida har gab da azumi. Ranar da na je, a sahun baya na hango Baffa, yana bin wani da shi ya koya wa alwala. Bayan la'asar na same shi a zaurensa, na durƙusa, na ce masa lafiyarsa ƙalau, bakina ne ya kuɓuce, ya yafe mini.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya dafa kafaɗata.

"Kada ka lallashe ni, ɗana," ya ce. "Ni dai ban ji alamar hauka a jikina ba, amma an ce mai ita ba ya sanin yana da ita. Ku kuka karanta, ba zan yi musu da ilimi ba."

Ya miƙo mini tafin hannunsa.

"To maganin fa, ka taho mini da shi? Ina so in ja asham ɗin bana."