Madarar da Aka So Ta Zube

Shekarata ta farko a Doha, ina karatun digiri na biyu, na zauna a hawa na uku na wani gida a unguwar Bin Mahmud. Ƙofar da ke kallon tawa ta wasu mata uku ce masu aiki a shagon gyaran gashi da ke ƙasan ginin. Babbarsu za ta yi sa'ar ƙanwar mahaifiyata, siririya ce baƙa, ga gashi har gadon baya, ga jan ɗigo a goshi. Ina ganinta na ce na samu Ba'indiya. A gidanmu kuwa an sha kallon finafinan Indiya, don haka ranar da muka haɗu a matakala na tattaro 'yan kalmomin da na tsinta na gaishe ta da su, har da haɗa tafuka.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce da Turanci, "Ƙanwata, ko ɗaya ban ji ba. Ni 'yar Sri Lanka ce. Tsibiri ne."

Ni 'yar Yawuri ce. Tsibirin da na sani shi ne gungun da ke tsakiyar kogi, wanda ake zuwa da kwalekwale a shuka albasa. Sai na ce, "Allah sarki, Anti! To motoci na samun wurin juyawa?"

Ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Ta ce daga babban birninsu zuwa garinsu na kan duwatsu wuni ake yi a jirgin ƙasa, kuma a dajinsu akwai giwaye.

Daga ranar muka saba. Na taɓa haɗa mata shayi irin namu, da citta da kanumfari, ya tafasa ya yi baƙi, na zuba madara da sukari ba tausayi. Ta kurɓa sau ɗaya ta dube ni.

"Wa ya yi miki laifi kika huce a kan ganyen nan?"

Ashe a gonar shayi aka haife ta. Mahaifiyarta ta tsufa tana tsinkar ganye da kwando a baya, toho biyu da ɗan tsiron tsakiya kawai ake cira. Ta ce tun da can baƙi ba su bar tsibirin ya huta ba. Larabawa sun zo fatauci, wasunsu suka yi aure suka zauna. Turawan Fotugal suka zo neman kirfa, na Holan suka kore su, na Ingila suka kori na Holan. Su ne suka shuka gahawa a kan duwatsu, ciwo ya cinye ta, suka koma shayi, suka kwaso talakawa daga kudancin Indiya don su yi musu aikin. Cikinsu har da kakanninta.

Na ce, "Ashe dai ban yi kuskure ba, Anti. Ba'indiya ce ke."

Ta ce, "Yalla, maza tashi ki ɗora wani ruwan, wannan karon ki bar min ganyen."

Ta ce ganyen shayi mai kyaun duk ƙetare ake kai shi, su sai dusar ake bar musu a gida. A Doha ta fara sayen shayin garinsu na kwali. "Da can ganye muke turawa waje," in ji ta, "da kwakwa da tufafin da ake ɗinkawa a masana'antu. Yanzu har da mu kanmu."

Wata safiyar Janairu, ana ɗan sanyin nan na Doha, na fito zan tafi makaranta sai na ga ƙofarsu a buɗe, ƙofar kicin ma haka. Tukunyar madara na kan wuta, kumfa ya taso har baki, su uku sun tsaya sun zuba mata ido sun naɗe hannu. Ni da aka raina a gidan da zubar da madara ke jawo faɗa, ban san lokacin da na yar da jaka na kutsa tsakaninsu na murɗe gas ɗin ba. Kumfa ya kwanta. Na juyo ina jiran godiya.

Ɗaya daga cikinsu ta toshe baki.

Anti ta ce, "Ƙanwata, me kika yi?"

"Saura ƙiris ta zube!"

"Zubewar muke jira."

Bikin girbi ne na mutanen su Anti ranar. Ana dafa madara har ta tumbatso ta zubo, alamar shekara za ta yi yalwa, sannan a zuba sabuwar shinkafa. Ni kuma na zo na kashe musu yalwar shekara guda da hannuna. Kunya ta rufe ni, na shiga ba da haƙuri da Turanci da Larabci, har da Hausa. Sauran biyun suka ƙyalƙyale da dariya har da hawaye. Anti ta daure fuska na ɗan lokaci, sannan ita ma ta fashe.

"Khalas, shi ke nan," ta ce. "Ke kika kashe, ke za ki kunna."

Na tsaya ina jan ƙafa, don ban san matsayin abin a addinina ba. Ƙaramarsu, mai ɗan kwali, ta lura. Ta ce ita ma Musulma ce, daga gabashin tsibirin, kallo kawai take yi don taya murna, kuma ta dafa tata shinkafar daban da ruwan kwakwa. Ta ukun kuma mabiyiyar addinin Buda ce, yarensu ma daban. Ita ce ta matso ta kunna wutar, madara ta taso ta zubo har ƙasa, Anti ta ɗaga murya tana guɗa irin tasu.

Muna cin shinkafar da mai ɗan kwalin ta dafa, da yaji mai sa hawaye, na tambaye su yadda aka yi suka haɗu. Anti ta ce suna yara ana yaƙi a ƙasarsu, da wuya iyayensu su zauna ɗaki guda. Kafil, wato ubangidan da ya kawo su aiki, shi ne ya haɗa su gida ɗaya bai tambayi kowa ba, kuma faɗan da ya rage tsakaninsu bai wuce na wanda ya bar gashi a banɗaki ba.

Na makara aji ranar. Da malamarmu ta tambayi dalili na ba ta labari, sai ta sa na maimaita wa 'yan aji duka. Da yamma na sayi kwalin madara biyu na kai wa Anti, ta karɓa, ta miƙo min tsumma, ta nuna min murhun da har lokacin ba a goge ba.