Taragon Baya

A Jidda na sayi jirgin ƙasan wasan, cikin kayan wani Bahadarami, Balarabe ɗan kasuwa, da ya matsu ya rabu da su. Na gwangwani ne, baƙin kai da taragu jajaye, ana murɗa masa mabuɗi ya yi ta gudu har ƙarfinsa ya ƙare. Lokacin ba a daɗe da gama babban yaƙi ba, kaya sun fara shigowa. Ina da ɗan shago a Makka, kusa da Mas'a inda alhazai ke sa'ayi, ina sayar da turare da carbi da zobba. Ba don in sayar na sayi jirgin ba. Na san halin alhazai, duk abin da ke motsi sai sun tsaya kallo, wanda ya tsaya kuwa da wuya ya tafi hannu wofi.

Matsalata ita ce wuri. Na sa kafinta ya yanko mini katako daidai faɗin bakin shagon, na kai shi gidanmu a Jarwal, na shimfiɗa a tsakar gida ina zana hanya da gawayi. A cikin kwalin akwai guntayen layi lanƙwasassu da yawa, miƙaƙƙu kaɗan, sai maraba guda ɗaya mai ɗan hannu, wadda in ka tura ta jirgi zai bar babban layi ya shiga reshe. Na zana kewaye mai siffar ƙwai, na fitar da reshen ta ciki, na datse ƙarshensa da guntun icce. Nufina in ajiye tarago ɗaya a nan, in jera masa ƙananan kwalaben turare.

Inna tana kan tabarma tana tsintar shinkafa. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun da na buɗe shago ta samu abin kirana.

"Mai shago, wannan na cikin ina ya nufa?"

"Babu inda ya nufa, Inna. Nan zai tsaya."

"Ya tsaya ya jira wa?"

Ta ajiye faifan. Sai a lokacin na ga abin da na zana.

Ina yaro muka taso daga Kano, ni da ita da mahaifina da ƙanwata. Mun yi shekaru a hanya, muna noma da leburanci, kafin mu hau jirgi a Hartum zuwa bakin teku. Zazzaɓi ya kama Inna a cikin jirgin, taragonmu kuma ya cika, ba wurin kwanciya. Wata mata da muka yi zaman maƙwabtaka da ita ta ce a ba ta yarinyar, nasu taragon na baya da sarari. A wata tasha a tsakiyar duwatsu, inda layi ya rabu biyu, aka tsaya shan ruwa. Mun ji ƙarar ƙarfe a baya, ba wanda ya damu. Da muka isa teku babu taragon baya. An kwance shi, an haɗa shi da wani jirgin da ya bi ɗaya layin. Mahaifina ya koma, ya bi tasha tasha, bai samu matar ba, bai samu yarinyar ba. A nan Makka ya rasu. Inna ba ta ƙara ambaton tafiyar ba sai ran nan.

Na ce, "Inna, abin wasa ne fa."

"Na ga wasa ne. Tunda kai ke zanawa, zana shi ya dawo."

Na goge gawayin na sake. Dawo da reshe kan babban layi yana buƙatar maraba ta biyu, kuma sai mai karkata hagu, tawa kuwa dama take yi. Na koma Jidda wajen Bahadaramin, ya buɗe mini duk kwalayen da suka rage, kowace maraba dama. Ya ce haka masu yin su suka ga dama. Na sayi ɗaya duk da haka. Alhazai sun fara sauka, maƙwabtana sun gama jera kaya, ni ina durƙushe a tsakar gida da gawayi. Sau da yawa na yi niyyar cire reshen gaba ɗaya in huta. Amma kullum da hantsi sai in tarar Inna ta jawo tabarmarta kusa da katakon, tana bin zanen da yatsa, ta zo inda layin bai haɗu ba ta tsaya.

Na kai sabuwar marabar wurin wani mai aikin gwangwani da dalma a Misfala, mutumin Barno. Ya jujjuya ta, ya dube ni.

"Alhaji, mutane na kawo mini fitila da buta. Kai da gemunka wasan yara ka kawo?"

"Kai dai mayar mini da dama hagu."

"Hagu kuma? A Makka?" Ya yi dariya, amma ya narkar da dalmar, ya ɓalle layukan, ya juya su. Da na kawo gida sai lanƙwasar ta ƙi shiga katakon, ta leƙo waje kamar faɗin tafin hannu. Na rage miƙaƙƙen layi ɗaya, kewayen ya ƙanƙance, na lanƙwasa wani guntun a kan gwiwata. Ƙarshe dai bakin ya shiga baki.

Bayan la'asar na kira ta. Ta ce in kwance taragon baya in sa shi a reshen, na sa. Na murɗa mabuɗi na saki jirgin. Ya kewaya babban layi, ya wuce bakin reshen, ya sake zagayowa ya wuce. Taragon yana nan inda yake.

"Hanya ta haɗu, Inna."

"Ta haɗu. Wa zai kawo shi?"

Na tura ɗan hannun marabar. Da jirgin ya zo sai ya karkata, ya shiga reshen, ya dafa taragon da goshinsa, ya turo shi a hankali har suka fito babban layi tare. Suka ɗan ƙara gaba, ƙarfin mabuɗin ya ƙare, suka tsaya daidai gwiwarta.

Ta ce, "Ashe abin ba wuya."

Ta ɗauki taragon ta kai kusa da idonta, don ganinta ya yi rauni. Tagoginsa ba huda su aka yi ba, fenti ne, a kowace taga an zana kan mutum ɗan mitsitsi yana kallon waje. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da farcenta, ta gama gefe ɗaya, ta juya ɗaya gefen ta fara daga farko.