Ɗaurin Inna

Ruwa na kawo mini ƙugu na fito da Inna a goye jiya da hantsi, gulbi ya shigo unguwarmu a Gummi. Sai da na sauke ta a firamaren da ke kan tudu na tuna awakinta suna ɗaure a turke. Su ne duk abin da ta mallaka. Na kasa faɗa mata.

Hannun Inna ya yi rauni, ɗaurinta ba ya riƙo. Kowace damina sai awakin nan sun kwance sun faɗa waken maƙwabcinmu Malam Sani, ni in sha faɗa, in dawo in yi mata mita.

Da la'asar sai ga Malam Sani yana koro su, sun jiƙe sharkaf.

Ya ce, "Bisa tudun gonata na ishe su, suna cin ɗan waken da ruwa ya rage mini."

Inna ta dube ni ta ce, "Da kai ka ɗaure su, da yanzu mushe za mu kwasa."

Katangarmu ta zube, amma alhamdulillahi. Na bar mitar igiya.

Ku fa, a kan me kuke yi wa tsohuwarku mita?